Yadda ake sa irin furen ayiris ya tsira

Irin furen ayiris, wato furen ado da ake kira iris da Turanci, yana da taurin kai. Ana iya binne ƙwaya hamsin a tukunya, a yi ta ban ruwa wata uku, 'yan kaɗan su fito, sauran su kwanta shiru sai baɗi, wasu ma sai baɗin waccan. Yawancin waɗanda ba su fito ba lafiyarsu ƙalau, barci kawai suke yi. A ƙasashen da furen ya fito, irin yana zuba ne a ƙarshen lokacin zafi, kuma da zai tsira nan take da ƙanƙara ta kashe shi. Shi ya sa aka halitta shi da abubuwan da ke riƙe shi har sanyi ya wuce: akwai sinadarai a ɓawonsa da cikin farin abincin da ke kewaye da ɗan tsiron waɗanda sai ruwa ya daɗe yana wanke su, akwai buƙatar ya yi makonni cikin sanyi da laima, sannan a wasu nau'o'in ɓawon yana da tauri sosai daidai inda saiwa za ta ɓullo.

Tun a shekarun 1940, L. F. Randolph na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya nuna cewa idan aka zaro ɗan tsiron daga cikin ƙwaya aka ɗora shi a kan abincin da ake haɗawa a ɗakin gwaji, cikin 'yan kwanaki yake fara girma. Ke nan matsalar ba daga shi take ba, daga abin da ya lulluɓe shi ne. Duk dabarun da ke ƙasa hanyoyi ne na raunana wannan lulluɓi.

Abu ɗaya kafin a fara: wanda yake son fure iri ɗaya sak da na uwar, saiwa zai raba, wato wannan tushe mai kauri irin na citta da ke kwance a saman ƙasa. Ayiris na lambu da aka shuka daga iri ba ya ɗauko kamannin uwarsa. Kowace ƙwaya sabon fure ce, wata ta fi uwar kyau, da yawa ba su kai ta ba.

Fara sanin wanne ke hannunka

Ayiris ya kusa nau'i 300, kuma ba magani ɗaya suke sha ba. Da yawa daga cikin asarar da ake yi tana faruwa ne don an yi wa wani nau'i abin da ya dace da wani.

Mai gemu shi ne wanda aka fi sani, jikokin Iris germanica da danginsa, wanda ke da layin gashi a kan ganyen furen da ya sunkuyo. Irinsa ruwan kasa ne, ya yamutse idan ya bushe. Yana son jiƙo mai tsawo da sanyi mai tsawo, kuma shi ne ma'aunin yawancin abin da za a faɗa a nan. Na Saiberiya, Iris sibirica, da na Japan, Iris ensata, irinsu fale-fale ne, sun fi sauƙin tsira, sanyin mako 6 zuwa 10 ya ishe su, amma ba sa yafe bushewar ƙasa. Na Japan kuma ba ya shiri da farar ƙasa ko toka, ƙasa mai ɗan tsami yake so, don haka kada a barbaɗa masa toka da sunan maganin ƙwari.

Na Luwiziyana, waɗanda suka fito daga fadamun kudancin Amurka, irinsu manya ne masu ɓawo kamar toto da ke sa su yi iyo a ruwa. Su ba sanyi ne babbar buƙatarsu ba, abin da suke ƙi shi ne bushewa. Sai na Gabas ta Tsakiya, irin su Iris atropurpurea da Iris lortetii, waɗanda ke da farin zobe a bakin ƙwayar da tururuwa ke ja zuwa raminsu. Waɗannan su ne mafi wahala, suna iya yin shekaru a ƙasa ba su motsa ba.

Akwai kuma wanda masu sayar da furanni ke kira ayiris na Afirka. Sunansa Dietes, ɗan uwa ne daga kudancin Afirka, ba ya buƙatar firji ko kaɗan. A jiƙa shi kwana ɗaya, a shuka a ɗumi, a jira 'yan makonni.

Girbi da ajiya

Bayan barbara, wato bayan garin fure ya hau kan furen uwa, kwanson iri yakan ɗauki mako 6 zuwa 10 kafin ya nuna. Yana da ɗaki uku a ciki. Alamar nunarsa ita ce ya juya daga kore zuwa ruwan kasa, bakinsa ya fara tsagewa. Daga tsagewa zuwa zubewa ba nisa, don haka tun yana kore a ɗaura masa 'yar jaka ta tsohon gidan sauro ko safa mai shara-shara. Kada a sa leda, tana tara gumi ta ruɓar da kwanson. Idan iska ta karya sandar furen kafin lokaci, a tsoma gindinta a ruwa a inuwa. In kwanson ya riga ya cika, sau da yawa yakan ƙarasa nuna a haka.

Idan aka fasa, a baza irin a kan takarda a inuwa mako ɗaya ko biyu, a zuba a ambulan na takarda, a rubuta sunan uwa da na uban da aka ɗauko garin furensa, da ranar girbi. A al'adar masu wannan sana'a, uwa ake fara rubutawa. A tsince ƙwayoyin da suka shafe babu komai a ciki a zubar. Gwajin da ake yi na zuba iri a ruwa a zubar da wanda ya taso ba abin dogaro ba ne a nan, domin na Luwiziyana da mai ruwan ɗorawa na bakin rafi, Iris pseudacorus, dama can masu iyo ne. Gara a yanka ƙwaya biyu ko uku da reza a duba: idan cikin fari ne mai tauri, irin yana da rai, idan baƙi ne, ko ya yi laushi, ko fanko ne, ya mutu.

Na Luwiziyana ba a shanya shi. Ana cire kwanson tun bai gama bushewa ba, a ɓare toton da farce, a shuka a ranar ko washegari. In an bar shi ya bushe ƙayau, barcinsa yana ƙara nauyi.

Jiƙo

A zuba irin a kofi ko kwalba, a zuba ruwa mai tsabta ya shanye shi da kamar santimita 3 zuwa 5. Kowace rana a tace, a ɗauraye, a zuba sabon ruwa. Mai gemu yana son kwana 7 zuwa 14 a haka, na Saiberiya da na Japan kwana 3 zuwa 5 sun wadatar. A kwanakin farko ruwan zai yi ruwan kasa kamar an jiƙa ganyen shayi. Abin da ake son fitarwa ke nan. Idan ruwan ya fara fitowa garau kuma ƙwayoyin sun kumbura sun daina yamutsewa, jiƙo ya yi.

Canjin ruwan shi ne aikin, ba jiƙon kansa ba. Irin da aka bari kwana uku a ruwa ɗaya yana zaune ne a cikin abin da ya fitar, iskar ruwan ta ƙare, ya fara wari da yauƙi. A wuri mai zafi ruwa yana saurin lalacewa, saboda haka a canza safe da yamma, ko a ajiye kofin a firji. Wasu masu renon ayiris a Amurka suna ɗaure irin a safa su rataya a cikin tankin ruwan bayan gida na zamani, ta yadda duk lokacin da aka ja ruwa sai ya sami sabo. Dabarar tana aiki, muddin ba a jefa ƙwayar sinadarin wanke masai a tankin ba.

Kada a yi amfani da tafasasshen ruwa. Masu renon itatuwa suna yi wa irin wasu bishiyoyi masu ƙaƙƙarfan ɓawo haka, amma ɓawon ayiris yana shan ruwa da kansa, zafin zai dafa ɗan tsiron ne kawai.

A ranar ƙarshe a yi masa wankan kashe funfuna: bilic na wanki kashi 1, ruwa kashi 9, minti 10, sannan a ɗauraye sau uku ko huɗu har warin ya tafi. Wannan mataki yana rage yawan asarar da ake yi a firji.

Sanyi mai laima

A nan ne yawancin nasara take. Busasshen iri ko ya shekara a firji bai ƙirga ba. Sai yana da laima sanyin ke aiki a kansa. Zafin da ake nema digiri 2 zuwa 5 ne a ma'aunin Salsiyos, wato na cikin firji, ba firiza ba. Ƙanƙara ba ta ƙara komai, kuma tana iya fasa ƙwayar da ta sha ruwa.

A jiƙa tishu mai kauri, ko niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, ko yashi da aka wanke, a matse har ya zama in an damƙa ba ya ɗiga. A baza ƙwayoyin kada su taɓa juna, ƙwaya 15 zuwa 20 a leda ɗaya, a naɗe, a sa a leda mai zif, a bar 'yar iska a ciki. A rubuta suna da kwanan wata a jikin ledar.  Kuma a sa shi inda yara ba za su ɗauka ba, don ayiris yana da guba in an ci.

Mai gemu yana buƙatar mako 8 zuwa 12. Wanda ya ciro shi a mako na huɗu don gaggawa zai sami tsiro kaɗan, sauran su koma barci. Duk mako a buɗe a duba. Idan tishun ya fara bushewa a yayyafa ruwa. Idan funfuna ta fito fara-fara a kan ɓawo, ba abin tashin hankali ba ne: a ɗauraye, a canza tishu. A matsa kowace ƙwaya da yatsa, wadda ta yi laushi ta mutu, a jefar da ita kafin ta shafi maƙwabtanta. Daga mako na shida wasu za su fara fitar da farar saiwa tun suna cikin firji. Irin waɗannan a ciro su tun saiwar ba ta kai santimita 1 ba a shuka, domin in ta yi tsawo takan kutsa cikin tishu ta karye wajen cirewa, kuma ƙwayar da saiwarta ta farko ta karye da wuya ta tashi.

A ƙasashe masu ƙanƙara ba dole ne a bi ta firji ba. Ana shuka irin a tukwane a watan Oktoba ko Nuwamba, a bar su a waje ruwa da dusar ƙanƙara su yi aikin, a ga tsiro a watan Maris ko Afrilu. Ga wanda yake arewacin Najeriya ko Nijar kuwa, sanyin hunturu bai kai ya maye gurbin firji ba, ko a Jos. Matsalar ita ce ɗauke wuta. Awa 'yan kaɗan ba komai, musamman in an jera robobin ruwa a kewayen ledar don su riƙe sanyi. Amma firjin da ke kwana biyu a kashe yana ɗumama irin, ya tayar da funfuna, kuma kwanakin ba sa shiga lissafi. In haka wutar unguwa take, a nemi firji mai aiki da sola, ko a ƙara mako biyu zuwa uku a kan wa'adin.

Shuka, da kuskuren da ya fi yawa

Tukunya ta kai zurfin santimita 12 zuwa 15, da huji isassu a gindi. Haɗin ƙasa: kashi 2 na niƙaƙƙen ɓawon kwakwa ko takin ganye da ya ruɓe sarai aka tankaɗe, kashi 1 na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi 1 na ƙasar lambu mara yumɓu. A kwarara wa haɗin tafasasshen ruwa tun kwana ɗaya kafin shuka, a bar shi ya huce ya tsane. Wannan yana kashe irin ciyawa da yawancin cututtukan ƙasa. Ban da ɗanyen kashin dabbobi, ban da takin zamani.

A binne mai gemu da na Luwiziyana zurfin santimita 1 zuwa 2, tazarar santimita 2 zuwa 3. Na Saiberiya da na Japan a rufe su sama-sama, rabin santimita. A barbaɗa tsakuwa ƙanana a sama don ruwa kada ya tono irin, kuma saman kada ya yi gansakuka. A rufe bakin tukunyar da ragar waya saboda ɓeraye da kaji.

Sai batun zafi. Mutum ya gama wahalar wata uku, ya fito da iri daga firji, sai ya kai shi rana ko ɗaki mai ɗumi yana ganin zafi zai hanzarta shi. Akasin haka ke faruwa. Mai gemu ya fi tsira a yanayi mai sanyi-sanyi, wajen digiri 10 zuwa 16. Idan ƙasar tukunya ta haura digiri 21 ta zauna a can, tsiron yana raguwa, waɗanda ba su riga sun fito ba su sake kwanciya, a koma gidan jiya. Sanyin dare da ɗan ɗumin rana yana taimakawa, zafi mai ɗorewa ne ke ɓata aiki.

Don haka a ƙasar Hausa lissafin daga baya ake fara shi. Ana son irin ya fito daga firji a farkon Disamba, lokacin da dare ke yin sanyi sosai. Ke nan jiƙo a farkon Satumba, firji daga tsakiyar Satumba. A ajiye tukwanen a inuwa, gefen arewa na gini, a ƙasa ba a kan siminti mai ɗaukar zafi ba. Tukunyar ƙasa ta fi baƙar leda nesa ba kusa ba. Dabarar nan ta sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ake adana tumatir da ita, tana rage zafin ƙasa sosai a busasshiyar iskar hunturu. Sai dai iskar tana busar da saman ƙasa cikin awoyi, don haka a duba safe da yamma. Ƙwayar da ta fara tsira in ta bushe sau ɗaya, ta tafi ke nan.

Gaskiyar da ya kamata a sani ita ce tsirar da iri daban, samun fure daban. Mai gemu da na Saiberiya suna buƙatar lokacin sanyi kowace shekara kafin su yi fure, kuma zafi haɗe da ruwan damina yana ruɓar da saiwar mai gemu. Tudun Jos da na Mambila sun fi ba da fata. A wurare masu zafi, na Luwiziyana da Dietes ne suka fi cancantar wahalar.

Yanka, ga masu taurin kai

Binciken da aka yi a kan ayiris na Gabas ta Tsakiya a shekarun 1980 ya nuna cewa ɓawon da ke bakin ƙwayar, inda saiwa za ta fito, yana da ƙarfin da ɗan tsiron ba ya iya fasawa da sauƙi. Daga nan dabarar yanka ta samo hujja. Bayan jiƙon kwana 5 zuwa 7 da wankan bilic, a nemo bakin ƙwayar, wato gefen da yake manne da kwanso, inda farin zoben yake. A ɓare ɓawon wajen, sannan da sabuwar reza da aka goge da sifirit a yanke ɗan siririn yanki, ƙasa da milimita 1, har a hango ɗan farin ɗigo a tsakiya. Bakin saiwar ɗan tsiron ke nan. A tsaya a nan. In aka zarce an yanke saiwar, ƙwayar ta mutu. Ana buƙatar gilashin ƙara girman abu da hannu mara rawa.

Ƙwayar da aka yanka a buɗe take ga cuta, don haka sai a sa ta a kan tishu mai tsabta da aka jiƙa da dafaffen ruwa, a cikin leda, a firji, ana dubawa duk kwana biyu. Ba dabarar da za a yi wa duk iri ba ce. Ga mai gemu na yau da kullum, jiƙo da sanyi sun isa, yanka yakan jawo asara fiye da riba. Wanda zai gwada ya raba irinsa biyu, ya yanka rabi, ya bar rabi.

Bayan tsiro

Tsiron yana fitowa kamar siririn ganyen ciyawa guda ɗaya a tsaye, yawanci mako 2 zuwa 6 bayan shuka. Da ya fito a matsar da shi inda zai sami hasken safe, in ba haka ba zai yi tsawo ya yi fari ya faɗi. Idan aka ga tsirrai suna kwanciya, gindinsu ya tsuke ya yi baƙi daidai saman ƙasa, cutar ruɓewar wuya ce, kuma ruwa ne ya yi yawa ko iska ba ta ratsawa. A cire waɗanda suka kamu, a rage ban ruwa, a riƙa zuba ruwan a faranti a ƙarƙashin tukunya ta sha daga ƙasa, a zubar da ragowar bayan minti 20. Ƙananan ƙudaje baƙaƙe da ke shawagi a kan tukunya ma alamar yawan laima ce, tsutsotsinsu suna cin saiwa.

Taki sai ganye na biyu ko na uku ya fito, shi ma na ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba, duk mako biyu. Ana dashe idan tsiron ya kai santimita 10 zuwa 15 da ganye uku ko huɗu, tazarar santimita 25 zuwa 30, da yamma ko ranar da ake lumshi. Wanda aka dasa da wuri ya sami abinci yakan yi fure a shekara ta biyu, wasu sai ta uku.

Wajen dashen, a zaro tsirran a hankali da cokali, kada a juye tukunyar. Sauran ƙwayoyin suna nan a ciki. Norman Deno, masanin sinadarai a Jami'ar Jihar Pennsylvania wanda ya gwada irin dubban tsirrai, ya riƙa juya iri tsakanin digiri 21 da digiri 4, wata uku-uku, ya kuma ga cewa da yawa sai a zagaye na biyu ko na uku suke tsira. Ayiris yana cikin masu wannan hali. Saboda haka tukunyar da ta ba da kaɗan a bar ta a inuwa da 'yar laima wata uku, sannan a tankaɗe ƙasar a tsince ƙwayoyin da suke da tauri, a ɗauraye su, a mayar firji wani mako 10 zuwa 12. In tukunyar ƙarama ce, a sa ta dungurungum a leda a firji. A sabunta rubutun alamar da fensir, don tawadar alƙalamin maka tana gogewa a rana, kuma a ba kowace tukunya aƙalla shekara biyu kafin a zubar da ƙasarta, na Gabas ta Tsakiya kuwa huɗu ko biyar.